Kalanda Biyu: Yadda Muka Rubuta Littafin Ɗan Majalisar da Ya Rasa 'Yarsa

Sana'ata rubuta wa mutane littafi ce, su sa sunansu a bango. Mai labari ya ba ni bakinsa da takardunsa, ni kuma in zauna in tsara, idan ya karanta ya ji shi ne ke magana, sai a kai maɗaba'a. Na yi wa 'yan kasuwa, na yi wa malaman da suka ajiye alli, amma babu aikin da ya zauna mini a ƙirji kamar na wani ɗan majalisar dokoki da 'yarsa ta fari ta rasu yana riƙe da shugabancin kwamitin kasafin kuɗi. Ciwon dajin jini ne ya kwantar da ita fiye da shekara guda, ta bar miji da yara biyu ƙanana. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta hana ni faɗin sunansa, amma ya yarje mini in ba da labarin yadda aikin ya gudana.

Kafin a kunna rikoda sai da muka gama da takarda. Wa ke da muryoyin da za a ɗauka, wa ke da ta cewa a kan kowace jimla, me zai faru idan ya fasa a tsakiyar hanya. Hukuncin ƙarshe nasa ne, haka ake yi, tunda littafinsa ne. Abu ɗaya na nemi a ƙara: duk ranar da muka ce wani abu ya faru, sai an gwada ta da shaidar da ke rubuce, kuma idan shaidar ta saɓa wa abin da yake tunawa, ba za mu buga abin da muka san ba haka yake ba. Yana da ikon cewa a cire zancen ɗungurungum, amma ba shi da ikon cewa a murɗe shi. Ya sa hannu babu gardama. Ina jin a lokacin ya ɗauka sharaɗi ne na cika ƙa'ida kawai.

Zaman farko-farko ba su haifar da abin kirki ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana magana a gaban taro, ko kai kaɗai ne a gabansa jawabi zai yi maka. In na tambaye shi yadda ya ji ranar da likita ya faɗi sakamakon gwaji, sai ya kawo zancen jarrabawa da juriya da amanar jama'a, kalmomi masu kyau waɗanda ya riga ya faɗa wa 'yan jarida sau ba adadi. Na kwafe awanni irin waɗannan a kwamfuta, kowace awa kalmomi dubu bakwai zuwa tara, kuma da ƙyar ka tsinci shafi ɗaya da uba ne ke magana a ciki. Sai na daina tambayar yadda ya ji. Na koma ƙananan abubuwa. Ranka ya daɗe, wace mota kuka shiga? Wa ya tuƙa? A ina ka zauna a ɗakin jira, kuma wayarka tana hannunka ko tana wurin wani? Irin waɗannan tambayoyi ba su da amsar da aka haddace. A nan ne ya gaya mini cewa wayoyi biyu yake riƙewa, ɗaya ta ofis a aljihun dama, ta gida a hagu, kuma har ya kai ga gane wacce ke girgiza ba tare da ya taɓa ba. Ya ce idan ta hagu ce, ƙafafunsa ne ke fara sani.

Ginshiƙin aikin duka shi ne jadawalin kwanaki. Sakatarensa ya ba ni kundin alƙawuran ofis. Majalisa tana da rijistar zama, wadda ke nuna wanda ya halarta da yadda ya jefa ƙuri'a, kwamiti kuma yana da nasa bayanan zama. Daga gida na samu katunan asibiti, takardun gwaji, hatimin shiga da fita a fasfo, da saƙonnin waya da ya yarda in gani. Na ja layi a tsakiyar takarda, ofis a hagu, asibiti a dama, kowace rana da layinta tun daga ranar gwajin farko har ranar da aka binne ta. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma shi ne ya mayar da littafin abin da ya zama.

Akwai dare ɗaya da ya ba ni labarinsa tun zamanmu na farko, kuma kullum iri ɗaya yake faɗa. Maganin da ake ɗura wa mai dajin jini yana kashe ƙwayoyin cuta tare da fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, don haka mako ɗaya zuwa biyu bayan ɗurin, zazzaɓi ɗan ƙarami ma yana iya zama ajali. A irin wannan dare ne zazzaɓi ya rufe ta aka garzaya da ita ɗakin kulawa ta musamman. Abin da yake tunawa shi ne yana riƙe da hannunta tun faɗuwar rana har gari ya waye. Bayanan kwamiti kuwa sun nuna shi ne ya jagoranci zama a daren, kuma ba a tashi ba sai da dare ya raba. A wayarsa ta hagu akwai saƙonnin matarsa jere da juna, da amsarsa guda ɗaya: yanzu za mu tashi.

Na ajiye masa takardun biyu gefe da gefe ban ce komai ba. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya sa aka kira masa direbansa. Direban ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yallaɓai, wajen ƙarfe ɗaya muka isa asibitin." Ba ƙarya ya yi mini ba tun farko, na tabbata da haka. Ya kwana a asibitin da gaske, ya riƙe hannunta da gaske. Zuciyarsa ce ta ɗauke shi ta kai shi bakin gadon awanni shida kafin ya isa, domin a can take son ya kasance. Ya sallame ni ranar, kuma makonni suka wuce ban ji daga gare shi ba. Ban neme shi ba. Da ya dawo, kalmarsa ta farko ita ce, "Malam, ka rubuta yadda takarda ta ce." Ta biyu kuma tambaya ce: waɗanda suka riga ni shiga wannan hali, yaya suka yi da nasu littattafan?

Na ba shi labarin mutum biyu, dukansu shugabannin Amurka. Theodore Roosevelt yana ɗan shekara 25, yana ɗan majalisar jihar New York, lokacin da mahaifiyarsa da matarsa suka rasu a gida ɗaya a rana ɗaya, 14 ga Fabrairun 1884, kwana biyu bayan matar ta haihu. Bayan 'yan kwanaki ya koma majalisa ya duƙufa kan aiki. Da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa a 1913, bai ambaci wannan mata ba ko sau ɗaya. Calvin Coolidge kuwa yana kan kujerar shugabanci ɗansa mai shekara 16 ya rasu a watan Yulin 1924, daga wata 'yar bororo da ta fito masa a yatsan ƙafa wajen wasan tanis a harabar fadar shugaban ƙasa, ta ruɓe, gubar ta shiga jini, a zamanin da babu magungunan da ake kashe irin wannan cuta da su yanzu. A littafinsa na 1929 Coolidge ya rubuta ƙarara cewa da bai zama shugaba ba, da yaron bai yi wasa a wannan fili ba. Ɗaya ya rufe ƙofa gaba ɗaya, ɗayan ya yarda cewa kujerar da yake kai tana cikin labarin mutuwar ɗansa. Na gaya masa duk hanyoyin biyu na mutunci ne. Wadda ba ta mutunci ba ita ce ta uku, a buɗe ƙofa rabi, a nuna hawaye a ɓoye kalanda.

Ya zaɓi hanyar Coolidge, kuma daga nan ne tsarin littafin ya canja. Da farko abin da kamfanin ɗab'i ya saya shi ne labarin gwarzon da ya haɗa nauyin ƙasa da na gida ya ɗauka babu wanda ya zube. Jadawalin nan namu bai nuna haka ba ko a shafi ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Kowace rana akwai ɓangaren da ya samu shi, akwai wanda ya rasa shi, kuma akwai wanda ya biya kuɗin rashin. Wata rana 'yarsa ce ta farka daga allurar barci ta tarar da kujerarsa babu kowa. Wata rana kuma mutanen da suka zaɓe shi ne. Ni a ganina duk littafin ɗan siyasa da ya ce ya riƙe biyun daidai wa daida, ko dai bai duba kalandarsa ba, ko ya duba ya mayar da ita aljihu.

Ɓangaren jama'a shi ne ya fi jawo rigima da mutanensa. A makonnin da aka fitar da ita waje neman magani, mataimakinsa ne ya riƙe kwamiti. Da rahoton ƙarshe ya zo, ya sa hannu a filin jirgi bai karanta shi duka ba. A cikin rahoton an rage kuɗin da aka ware wa ƙananan asibitoci na sayen kayan gwajin jini, aka karkatar da su wani aiki, shi kuma bai sani ba sai bayan watanni. Mai taimaka masa kan yaɗa labarai ya roƙe ni a gefe in lallashe shi a cire wannan shafi, ya ce makami ne za mu miƙa wa abokan hamayya kyauta. Na kai masa saƙon kamar yadda aka ba ni, na kuma faɗi nawa ra'ayin: idan mai karatu zai yi kuka tare da kai a kan 'yarka, yana da haƙƙin sanin abin da kukanka ya jawo wa tasa 'yar. Ya daɗe bai yanke ba. Daga bisani ya bar shafin, ya ƙara masa sakin layi da hannunsa, inda ya ce ya iya ɗaukar 'yarsa ya kai ta ƙasar da ke da kowace irin na'ura, alhali mafi yawan waɗanda suka zaɓe shi ko gwajin farko ba sa samu a kan kari. Ban gyara masa ko waƙafi a wurin ba.

Sai maganar iyali, wadda na ɗauka za ta zo da sauƙi saboda shi ne babba a gidan. Uwargidansa ta ƙi ganina tsawon watanni. Ranar da ta yarda, ba ta bari na kunna rikoda ba. Ta ce, "Malam, shi aka zaɓa. 'Yata ba ta taɓa tsayawa takara ba." Wannan magana ta zama mana ƙa'ida har ƙarshen aiki. Ɗan siyasa ya saba rayuwarsa ta zama ta kowa, shi ya nemi hakan, amma takardun asibitin 'yarsa, da ramar jikinta, da abin da take faɗa idan ciwo ya tsananta, ba nasa ba ne shi kaɗai da zai bayar. Akwai uwa, akwai miji, akwai yara biyu da za su girma su karanta, abokan makarantarsu ma su karanta. Muka tsara cewa duk babin da ya shafi jinya sai mutum uku sun gani kafin edita ya gani: shi, da Hajiya, da mijin marigayiyar. Duk wanda ya ja layi a kan wani abu, an cire ke nan, ba sai ya ba da dalili ba. An cire sunayen yaran da shekarunsu. Hajiya ta soke awar ƙarshe baki ɗaya, shafuka huɗu da na fi wahala a kansu, kuma ta yi daidai. A littafin da aka buga, babin ya tsaya a daidai inda likita ya ce a kira 'yan uwa, babi na gaba ya tashi daga washegari. Mijin kuma ya nemi kada a kawo saɓanin da ya shiga tsakaninsa da surukinsa kan ko a ci gaba da ɗurin magani ko a tsaya. Ya ce, "Baba, wannan tsakanina da kai ne, kuma mun riga mun yafe wa juna." Aka bar jimla ɗaya kawai mai cewa ba kullum bakin iyalin ke zuwa ɗaya ba.

Amma Hajiya ba cirewa kawai ta yi ba. Ita ce ta kawo abin da ya fi komai nauyi a littafin.

Akwai maganar da ya daɗe yana jingina da ita. Wata rana da safe yana shirin fasa zuwa majalisa, 'yar ta ce masa, "Baba, tafi aikinka." Ya faɗi wannan a tarurruka, ya faɗa wa 'yan jarida, kuma a daftarin farko ita ce kan babi. A wurinsa izini ne, albarka ce, ita ce ta sake shi ya je ya yi wa jama'a aiki. Ni kuwa irin wannan wuri ne na fi jin tsoro a littafin ɗan siyasa, domin mamaci ba ya tashi ya ce ba haka nake nufi ba, kuma abu ne mai sauƙi a sa masa a baki kalmar da za ta wanke mai rai. Na tambayi Hajiya ko tana ɗakin. Ta ce tana nan. Ta ce kalmomin haka suke, ba ƙari ba ragi, amma yarinyar ta faɗe su ne bayan wayarsa ta ofis ta yi ƙara karo na uku, kuma da ta faɗa sai ta juya fuskarta bango. Ta ce ita ba ta san ko izini ne ko fushi ne ko gajiya ba, kuma shi ma bai sani ba.

Ban kai masa wannan ba, domin ba nawa ba ne in kai. Na roƙe ta ta gaya masa da kanta, ta kuwa gaya masa. Abin da suka yi a tsakaninsu ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Daftarin da ya dawo mini da shi yana ɗauke da labarin biyu, nasa da nata, ɗaya bayan ɗaya, kuma ya soke kan babin. A ƙarƙashi ya rubuta cewa ya tafi aikin ranar, kuma har yanzu bai san da wace zuciya ta sallame shi ba. Duk wanda ya taɓa barin majinyaci ya tafi wurin neman abin kansa, ko ba ɗan majalisa ba ne, zai gane wannan shafi.

Kan sunan cutar ma an yi ja-in-ja. Lokacin jinyar an ɓoye, ofis yana cewa ya yi tafiya ne kan harkar iyali, sakatarensa kaɗai ya san gaskiya. Wasu dangi sun so a ce ta rasu bayan doguwar jinya a tsaya nan. Na tuna musu da Nelson Mandela, wanda ranar da ɗansa Makgatho ya rasu, 6 ga Janairun 2005, ya tara 'yan jarida ya faɗa da bakinsa cewa ƙanjamau ne ya kashe shi, a lokacin da mutane da yawa ke ɓoye wannan cuta saboda kunya. Dajin jini ba ya ɗauke da irin wannan tsangwama, amma ɓoye shi na da tasa illar. Alamominsa na farko, kasala da zazzaɓi mai dawowa da tabon jini a fata da zubar jinin dasashi, abubuwa ne da ake rainawa, ita ma watanni ta yi ana ba ta maganin wani abu daban. Mijinta ne ya raba gardamar. Ya ce ita da kanta ta so a faɗa. Muka rubuta alamomin filla-filla a shafi guda.

Babin da ya fi zuwa da sauƙi shi ne na abokin hamayyarsa. Mutumin da suka shafe shekaru suna sa-in-sa a zauren majalisa shi ne ya je asibiti da daddare babu kyamara, kuma ranar wata ƙuri'a mai zafi da namu mutumin bai samu zuwa ba, shi ma ya ƙi shiga zauren don kada rashin ya canja sakamako. A majalisar Birtaniya wannan tsohon tsari ne, a haɗa ɗan gwamnati da ɗan adawa su ƙaurace wa ƙuri'a tare idan lalura ta hana ɗaya zuwa, amma shi wannan ya yi ne don kansa, babu dokar da ta sa shi. A can Birtaniyan ma an ga irin haka ranar 25 ga Fabrairun 2009, da ɗan David Cameron, shugaban 'yan adawa a lokacin, ya rasu yana da shekara 6. Aka ɗage zaman yi wa firaminista tambayoyi, kuma firaministan, Gordon Brown, wanda shi ma ya binne jaririyarsa a Janairun 2002, shi ne ya tashi ya yi ta'aziyya ga mutumin da ke neman kujerarsa. Na je na samu abokin hamayyar don tabbatar da labarin. Ya tabbatar, ya kuma nemi kada a sa sunansa, ya ce jam'iyyarsa har yau ba ta san dalilin rashin zuwansa ba.

Komawarsa aiki bayan rasuwar ta ɗauki zama mai tsawo kafin mu samo gaskiyarta. Ya koma da wuri ƙwarai, aka yi ta yabonsa a jaridu. Tarihi cike yake da irin wannan. Joe Biden ya rasa matarsa da 'yarsa a haɗarin mota a Disambar 1972, makonni bayan an zaɓe shi sanata, kuma a asibitin Wilmington inda 'ya'yansa maza biyu ke kwance aka rantsar da shi a Janairun 1973. Jamie Raskin, ɗan majalisar wakilan Amurka, ya binne ɗansa ranar 5 ga Janairun 2021, washegari yana cikin ginin majalisar Amurka lokacin da aka auka wa ginin, wata na gaba kuma shi ya jagoranci masu gabatar da ƙara a shari'ar tsige shugaban ƙasa. Jama'a na kallon irin wannan su ce jarumta, kuma akwai jarumta a ciki. Amma da na tambayi namu mutumin me ya fitar da shi daga gida da safen nan, ya yi shiru, sannan ya ce gidan ne ya gagare shi zama. A ofis akwai takarda mai jiran sa hannu, akwai wanda zai ce masa yi kaza da ƙarfe kaza. A gida akwai takalman 'yarsa a bakin ƙofa da matar da ba ta da ofishin da za ta gudu. Ya ce a rubuta duka biyun, cewa aikin yana buƙatarsa, kuma shi ya fi buƙatar aikin, kuma ya bar Hajiya ita kaɗai da gidan.

Da daftari ya kammala sai lauya ya karɓa. Aikinsa ya nemo duk inda wani mai rai zai iya cewa an ɓata masa suna. Inda ya fi tsayawa shi ne kan likitan farko da ya yi ta ba da magani bai sa a yi cikakken gwajin jini ba. Uban yana da zafi a kansa, kuma a rikoda ya faɗi maganganu masu kaushi. Lauyan ya ce zargin sakaci abu ne da hukumar likitoci ko kotu ke tabbatarwa, kuma ko an cire suna, idan an bar siffar da za a gane mutum, an ambace shi ke nan. Aka cire unguwa, aka cire siffa, aka bar abin da takardu suka nuna kawai: ranar zuwan farko, ranar da aka yi gwajin, da tazarar da ke tsakani. Mai karatu ya lissafa da kansa.

Kamfanin ɗab'i ya zo da buƙatu uku. A buɗe littafin da daren rasuwa, a sa hotonsa da ita a bango, a kuma fito da shi kafin zaɓen fid da gwani, tunda ana raɗe-raɗin zai sake tsayawa. Na biyun farko Hajiya ta kashe su da kalma ɗaya. Na ukun shi ne ya ɗau lokaci, domin a fuskar kasuwa kamfanin ya yi gaskiya, littafin ɗan siyasa ya fi sayuwa lokacin da sunansa ke bakin mutane. Amma lokacin fitowar littafi yana canja yadda ake karanta shi. Biden ya rasa ɗansa Beau ranar 30 ga Mayun 2015 sakamakon dajin ƙwaƙwalwa, yana mataimakin shugaban ƙasa, kuma a Oktoban shekarar ya sanar cewa ba zai nemi shugabanci a 2016 ba, ya ce jimamin iyalinsa ya cinye lokacin da ake buƙata don yaƙin neman zaɓe. Littafinsa kan wannan shekara ya fito a 2017, amma duk da haka kusan duk inda ya je tallarsa sai an tambaye shi ko zai tsaya a 2020. Wannan tambaya tana bin kowane ɗan siyasa da ya rubuta baƙin cikinsa, ko da zuciya ɗaya ya rubuta. Namu mutumin ya ce ba zai iya hana mutane zato ba, amma zai iya hana kansa cin ƙuri'a da gawar 'yarsa. Aka ɗage fitowar zuwa bayan zaɓe, kamfanin ya rage adadin kwafin bugun farko, ya kuma rage abin da zai biya, nawa kason ma ya ragu tare.

Muryoyin da na ɗauka, yarjejeniya ta ce in mayar masa. Na mayar, tare da jadawalin kwanakin da shafuka huɗun da aka soke, kuma na goge abin da ke kwamfutata a gaban lauyansa.

Da littafin ya fito, shafin kasafin kuɗi ne jaridu suka ɗauka, kamar yadda mai taimaka masa ya hango. Abokan hamayya sun yi amfani da shi, wata ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta nemi ya yi bayani a fili, ya je ya zauna a gabansu ya amsa tambayoyi fiye da awa biyu, ya faɗi yawan kuɗin da aka rage da inda aka kai su, bai kawo sunan 'yarsa ko sau ɗaya a matsayin uzuri ba. A bugu na biyu ya sa aka ƙara waɗannan alƙaluma a ƙarshen babin, tare da gyaran kwanan wata guda da tsohon mataimakinsa ya rubuto ya ce mun kuskure da kwana ɗaya, muka duba bayanan kwamiti muka tarar haka ne.